Babban Awon Bitamin D da Bin Diddigin Jini: Inda Amfani Ya Tsaya da Inda Cutarwa Ta Fara

Tsakure

Wannan maƙala ta duba al'adar bai wa mutane bitamin D mai yawa, wato abin da ya haura IU 4,000 a rana ko kuma dubban ɗaruruwa a lokaci guda, da kuma yadda ya kamata a riƙa auna jinin wanda ke shan sa. Ta bi ta kan manyan gwaje-gwajen da aka yi a Ostireliya da Kanada da Amurka, da binciken Jos kan lanƙwasar ƙashin yara. Ra'ayin da take karewa shi ne, babban awo magani ne da ake farawa da dalili kuma a tsayar a ranar da aka yanke, sannan gwajin da ya fi tsare ran mai shan sa shi ne na kalsiyam, wanda kusan kowane asibitin gwamnati zai iya yi.

1.0 Gabatarwa

Tun daga lokacin annobar korona bitamin D ya samu karɓuwar da bai taɓa samu ba. A da sai likitan yara ko na ƙashi ne ke ambaton sa. Yanzu kuwa ana sayen sa a kemis ba tare da takardar likita ba, 'yan uwa na aiko da shi daga ƙasashen waje a matsayin tsaraba, ana kuma tura saƙonni a WhatsApp cewa yana maganin gajiya da ciwon gaɓoɓi da raunin garkuwar jiki. Kalmar bitamin ita kanta tana kwantar wa mutane da hankali. Mai tsoron allura da ƙwayar hawan jini ba ya tsoron bitamin, domin a ganinsa ɗan'uwan abinci ne, in bai yi amfani ba ba zai cutar ba. Game da bitamin C wannan zato yana da ɗan ƙamshin gaskiya, tun da yana narkewa a ruwa, rarar kuma tana fita a fitsari. Bitamin D yana narkewa ne a kitse, jiki yana adana shi, kuma abin da aka sha yau yana iya ci gaba da aiki bayan watanni.

2.0 Abin da ake aunawa a jini

Fatar mutum tana haɗa bitamin D3 idan hasken rana ya taɓa ta, ana kuma samun kaɗan a kifi mai kitse da gwaiduwar ƙwai da hanta. Daga nan sai ya bi matakai biyu. Hanta tana mayar da shi 25-haidroksi bitamin D, wanda zan riƙa kira ajiyayyen bitamin D. Ƙoda kuma tana ɗibar kaɗan daga wannan ajiya ta mayar da shi kalsitirayol, wanda shi ne ke umartar hanji ya tsotsi kalsiyam daga abinci. Ajiyayyen yana daɗewa a jini, sai bayan mako biyu zuwa uku rabinsa ke ƙarewa, shi ya sa shi ake aunawa idan ana son sanin matsayin mutum. Kalsitirayol awoyi kaɗan yake yi, jiki kuma yana tsare adadinsa sosai, har yakan fito daidai ko ma sama a jinin wanda ke fama da ƙarancin bitamin D. Likitan da ya rubuta gwajin kalsitirayol don neman ƙaranci ya sa majiyyaci ya kashe kuɗi a kan amsar da za ta ɓatar da su duka biyun.

Akwai lissafi biyu da ke yawan jawo kuskure. Na farko, maikirogiram 1 daidai yake da IU 40, don haka kwalbar da aka rubuta wa 125 tana nufin IU 5,000. Na biyu, wasu ɗakunan gwaji suna ba da sakamako da ng/mL, wasu da nmol/L, kuma ana ninka na farko sau 2.5 ne a samu na biyu. Wanda takardarsa ta nuna 50 da nmol/L yana kan 20 ne da ng/mL. Wanda ta nuna 20 da nmol/L kuwa yana kan 8 ne kacal, ƙarancinsa ya yi tsanani. Duba ma'aunin da ke gefen lambar wajibi ne kafin a ce komai.

Masana ba su haɗu a kan lamba ɗaya ba. Rahoton Cibiyar Likitanci ta Amurka na 2011 ya ce 20 ng/mL ya wadatar da kusan kowa ta fuskar lafiyar ƙashi, kuma haɗarin ƙaranci yana farawa ne a ƙasa da 12. Ya tsayar da buƙatar yau da kullum a IU 400 ga jarirai, 600 daga shekara 1 zuwa 70, 800 ga wanda ya haura 70, sannan ya sa IU 4,000 a matsayin iyakar da babba zai iya sha kullum ba tare da kulawar likita ba. A shekarar dai, Endocrine Society, ƙungiyar likitocin homon, ta ce a nemi 30 ng/mL. Wannan lamba ta 30 ita ce ta shiga takardun ɗakunan gwaji a duniya, ta mayar da miliyoyin masu lafiya masu ƙaranci a kan takarda. A 2024 ƙungiyar ta janye daga wannan matsayi, ta ce ba ta da hujjar tsayar da wata lamba guda, ta kuma shawarci a daina yi wa masu lafiya gwajin ba gaira ba dalili, har da masu baƙar fata. Har yanzu da yawa daga cikinmu muna aiki da ƙa'idar 2011 kamar ba a sake duba ta ba.

3.0 Abin da gwaje-gwaje suka nuna game da babban awo

Tunanin da ya haifar da babban awo mai kyau ne a asali. Tsofaffi suna mantuwa da shan ƙwaya kullum, to me zai hana a ba su na shekara guda a rana ɗaya? Sanders da abokan aikinta sun gwada haka a Ostireliya, sakamakon ya fito a mujallar JAMA a 2010. Mata 2,256 masu shekara 70 zuwa sama aka raba gida biyu, wasu aka riƙa ba su IU 500,000 sau ɗaya a shekara, wasu kuma ƙwayar da babu magani a cikinta. Waɗanda suka sha bitamin ɗin sun fi faɗuwa da kashi 15 cikin ɗari, sun kuma fi samun karaya da kashi 26 cikin ɗari, kuma faɗuwar ta fi yawa a watanni ukun da suka biyo bayan shan maganin. Abin da aka bayar don hana karaya shi ya ƙara ta. A 2016 wani gwaji a birnin Zurik, kan tsofaffi 200 da suka taɓa faɗuwa, ya sake nuna cewa masu shan IU 60,000 a wata sun fi masu shan 24,000 faɗuwa.

Wani zai ce laifin na haɗiye shi a lokaci guda ne, idan aka rarraba kullum babu matsala. Binciken Kalgari a Kanada, wanda ya fito a 2019, ya taɓa wannan. Mutum 311 masu shekara 55 zuwa 70 sun sha IU 400 ko 4,000 ko 10,000 kullum har shekara uku. Ƙashin masu shan babban awon bai ƙara ƙarfi ba, hasali ma kaurin ƙashin hannunsu ya fi raguwa, kuma an fi ganin yawan kalsiyam a fitsarinsu.

Game da sauran cututtuka ba zan tsawaita ba. Gwajin VITAL a Amurka ya bi mutum 25,871 fiye da shekara biyar a kan IU 2,000 kullum, bai ga raguwar kamuwa da kansa ko ciwon zuciya ba, daga baya kuma bai ga raguwar karaya ba. D-Health a Ostireliya ya bai wa tsofaffi IU 60,000 a wata, mutuwa ba ta ragu ba. A Birazil an bai wa masu korona da ke kwance a asibiti IU 200,000 lokaci guda, bai rage musu kwanakin jinya ba. Dole a yi adalci a nan: yawancin mutanen da aka yi waɗannan gwaje-gwaje a kansu ba su da ƙaranci tun farko. Darasin da ke ciki ya tsaya ne a kan cewa ƙari a kan wanda ya riga ya wadatu ba ya haifar da komai. Mai ƙaranci na gaske, wanda ƙashinsa ke ciwo kuma cinyoyinsa suka yi rauni har tashi daga tabarma ke ba shi wuya, yana buƙatar magani kuma yana warkewa da shi.

4.0 Darasin Jos

Batun ya shafe mu ta hanyar da ta bambanta da ta Turai. Kano tana kan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, rana ba ta yanke mana a kowane wata. Duk da haka nazarin da Mogire da abokan aikinsa suka wallafa a 2020, wanda ya tattara bincike daga sassan Afirka, ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku yana ƙasa da 20 ng/mL, kuma abin ya fi yawa a birane da tsakanin mata da jarirai sabbin haihuwa. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Baƙar fata tana buƙatar lokaci mai tsawo a rana kafin ta haɗa abin da farar fata ke haɗawa, zaman ofis da na cikin ɗaki ya ƙaru, gilashin taga yana tare hasken da ake buƙata, nonon uwa kuma bitamin D ɗinsa kaɗan ne.

Sai dai yaron da aka kawo da gwame ko ƙafar baka, da kumburin wuyan hannu, ba lallai ne bitamin D ya rasa ba. Thacher da Fischer da Pettifor da abokan aikinsu sun yi bincike a Jos kan yara 123 masu wannan cuta, aka buga shi a New England Journal of Medicine a 1999. Kalsiyam ɗin da yaran ke samu a abinci kusan miligiram 200 ne a rana, abin da bai kai rabin buƙatarsu ba, domin abincinsu tuwon masara ne da sauran hatsi, madara kuwa sai jefi-jefi. An raba su gida uku. Kashi na farko an yi musu allurar bitamin D ta IU 600,000 sau biyu, na biyu an ba su kalsiyam miligiram 1,000 kullum, na uku an haɗa musu duka. Bayan mako 24, kashi 61 cikin ɗari na masu kalsiyam da kashi 58 na masu haɗin sun kai ma'aunin warkewa, masu bitamin D zalla kuwa kashi 19 kawai. Daga baya masu binciken sun nuna cewa garin busasshen kifi da aka daka da ƙayarsa ma yana warkar da yaran.

A ganina wannan shi ne bincike mafi muhimmanci ga likitan da ke aiki a Arewa. Yaran da aka bai wa bitamin D zalla sun karɓi IU miliyan 1.2 cikin wata uku, amma mafi yawansu ba su warke ba, saboda bitamin D umarni kawai yake bai wa hanji ya tsotsi kalsiyam, kuma babu abin tsotsa a tukunyar gidansu. Idan uwa ta dawo da yaro ƙafa ba ta miƙe ba, tambayar farko ita ce me yake ci, yana samun nono ko kindirmo ko ƙananan kifi, kafin a yi tunanin ƙara allura. Matsayar da masana na duniya suka cimma a 2016 ta tafi a kan haka: aƙalla IU 2,000 kullum na mako 12, tare da kalsiyam miligiram 500 a rana, daga abinci ko daga ƙwaya.

5.0 Yadda guba ke faruwa

Rana ba ta sa wa mutum gubar bitamin D, domin fata tana lalata rarar da kanta. Makiyayan Masai da mafarautan Hadza na Tanzaniya, da ke yini a fili, an same su a kan kusan 46 ng/mL. Guba daga kwalba da sirinji take zuwa, kuma galibi ana ganin ta ne idan ajiyayyen bitamin ya haura 150 ng/mL. A lokacin hanji yana ta tsotsar kalsiyam, ƙashi yana sakin nasa, jini ya cika da shi. Ƙoda ta kasa riƙe ruwa, sai yawan fitsari da ƙishirwa, ga tashin zuciya da amai da taurin bayan gida da kasala, in abin ya yi nisa sai ruɗewa da tsakuwar ƙoda da lalacewar ƙodar kanta.

A duba waɗannan alamu da idon ma'aikacin lafiya na garinmu. Mace ta zo a watan Afrilu tana amai, jiki ba ƙarfi, tana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa. Za a yi mata gwajin maleriya da taifot, a duba sukari, a ɗaura mata ƙarin ruwa, ta ɗan ji sauƙi ta koma gida ta ci gaba da shan abin da ya kwantar da ita. Ba za ta ambaci bitamin ba idan an tambaye ta magungunan da take sha, tun da ba ta ɗauke shi magani ba. Na taɓa zazzage ledar magungunan wata baiwar Allah a kan tebur, na tarar da ƙwayar IU 50,000 da aka rubuta mata sau ɗaya a mako har mako takwas. Ba a yi mata bayani ba, ita kuma ta saba kowace ƙwaya kullum ake sha, da ta ƙare sai ta sayi wata. A wata biyu ta sha IU miliyan 3 a maimakon 400,000. A cikin ledar akwai kuma ƙwayar kalsiyam mai haɗe da bitamin D, da wani maganin ƙarin jini da shi ma yake ɗauke da shi. Babu wanda ya taɓa haɗa mata jimillar.

Wani lokaci kuskuren daga masana'anta yake. A 1992 an ba da rahoton mutanen da suka kamu da guba a yankin Bostan ta Amurka saboda madarar da aka zuba wa bitamin D fiye da kima. A 2016 hukumomin Denmak sun janye wani ɗigon jarirai da aka samu yana ɗauke da ninki 75 na abin da aka rubuta a kwalbar. A Indiya kuwa kuskuren ba na masana'anta ba ne: musamman a Kashmir, likitoci sun ba da rahoton tsofaffin da ƙodarsu ta taɓu bayan an yi ta maimaita musu allurar IU 600,000 saboda ciwon jiki. Idan kuskuren masana'anta ya faru a ƙasashen da ke da tsauraran matakan sa ido, kwalbar da ba ta da lambar NAFDAC ba abin amincewa ba ce ko kaɗan.

Akwai kuma mutanen da awo matsakaici ma yana iya cutar da su. Na farko a wurinmu masu tarin fuka ne, domin ƙwayoyin garkuwar jikin da ke taruwa a huhunsu suna haɗa kalsitirayol da kansu ba tare da bin umarnin ƙoda ba, haka ma masu sakoidosis da wasu nau'o'in kansar jini. Sai masu shan magungunan hawan jini na dangin tayazaid, waɗanda ke hana kalsiyam fita a fitsari, kuma suna cikin waɗanda aka fi rubutawa a asibitocinmu. Sai mai tsakuwar ƙoda, da mai ciwon ƙoda, da mai shan digoksin, wanda hauhawar kalsiyam ke iya rikita masa bugun zuciya. A irin waɗannan mutane kalsiyam yana iya hawa alhali ajiyayyen bitamin D bai kai ko kusa da 150 ba. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake cewa lambar bitamin D ita kaɗai ba ta isa ta ba da tabbacin lafiya ba.

6.0 Tsarin bin diddigi da ya dace da halinmu

Gwajin ajiyayyen bitamin D yana da tsada, a garuruwa da yawa ma sai an aika da jinin wani wuri. Sakamakonsa kuma yana bambanta daga na'ura zuwa na'ura, abin da ya sa aka kafa shirin DEQAS a Landan tun 1989 don ɗakunan gwaji su riƙa gwada kansu da na wasu. Saboda haka a yi shi inda zai canza shawara: mai ciwon ƙashi da raunin tsoka, yaro mai lanƙwasar ƙafa, mai cutar hanji ko hanta ko ƙoda, mai shan maganin farfaɗiya irin su fenitoyin da kabamazefin, ko rifamfisin, waɗanda ke saurin ƙarar da bitamin ɗin. Mai lafiya da ke shan IU 600 zuwa 1,000 ba ya buƙatar gwaji.

Wanda za a ɗora a kan babban awo, a auna masa kalsiyam da kiriyatinin kafin ya haɗiyi ƙwayar farko, a duba albumin domin a gyara lissafin kalsiyam ɗin idan ya yi ƙasa. Kalsiyam na lafiya yana tsakanin 8.5 da 10.5 mg/dL ne, da ɗan bambanci tsakanin ɗakunan gwaji. Idan ya riga ya haura, a dakata a nemi dalili. Bayan kusan wata ɗaya da kammala babban awon a sake auna kalsiyam, domin a nan ne cutar da ke ɓoye, irin ta ƙaba-ƙaban faratayirod, takan bayyana. Shi kuwa ajiyayyen bitamin D kada a yi gaggawar maimaita shi. Yana ɗaukar kusan wata uku kafin ya daidaita, kuma a yi shi a ɗakin gwajin da aka yi na farko. Idan ya kai tsakanin 20 da 50 ng/mL buƙata ta biya, a koma ƙaramin awo na kullum. Idan ya doshi 100 a tsayar da maganin ko da mutum bai ji komai ba. Masu shan kalsitirayol ko alfakalsidol, galibi masu ciwon ƙoda, lamarinsu daban ne: gwajin ajiyayyen bitamin ba ya nuna abin da suke sha, kalsiyam da fosfet ne kawai za su faɗi gaskiya.

Lokacin azumi da tsananin zafin bazara suna buƙatar ƙarin kula, saboda ƙarancin ruwa a jiki yana tsananta hauhawar kalsiyam. Idan ba gaggawa, ban ga dalilin fara wa dattijo mai shan tayazaid babban awo a tsakiyar Ramadan ba.

Idan guba ta tabbata, a tsayar da bitamin D da kalsiyam duka, a ba da ruwan gishiri ta jijiya, a ƙara da sitiroyid ko bisfosfonet idan hali ya kai. A gaya wa majiyyaci da danginsa tun farko cewa abin zai ɗauki makonni ko watanni, tun da kitsen jiki a hankali yake sakin abin da ya adana, kuma sallama daga asibiti ba ta nufin an gama auna jini.

7.0 Kira ga ma'aikatan lafiya

Ina roƙon abokan aiki likitoci da mu daina rubuta IU 50,000 ba tare da ranar tsayawa ba. A rubuta ranar mako da za a sha, a faɗa da baki da Hausa, a ce ranar Juma'a kawai, ƙwaya takwas, in sun ƙare kada a sayi wasu. Masu harhaɗa magunguna da masu kemis su ƙi sayar da wannan awo ga wanda bai zo da takarda ba, su kuma tambayi mai saye ko na kullum yake nema. Ma'aikatan jinya da na cibiyoyin lafiya na matakin farko su riƙa cewa a kawo ledar magunguna gaba ɗaya, har da abin da aka aiko daga waje. Ga malamanmu na jami'o'i kuma, yankin nan yana buƙatar alƙalumansa na kansa daga Kano da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, waɗanda za su auna bitamin D tare da kalsiyam ɗin da ke cikin abincin mutane, kamar yadda aka yi a Jos. Kafin a samu wannan, duk majiyyacin da ya zo da amai da ƙishirwa da yawan fitsari, sukarinsa kuma ya fito daidai, a tambaye shi ko yana shan bitamin, a kuma auna masa kalsiyam a ranar.